Yadda Kwamfuta Ke Karanta Alƙaluma Daga Fayil

Duk wanda ya buɗe fayil ɗin rubutu ya tarar an rubuta 125, ba zai yi tantama ba cewa ɗari da ashirin da biyar ake nufi. Amma ita kwamfuta, duk da shaharar da ta yi wajen hisabi, ba adadi take gani a wurin ba, alamomi uku ne kurum a jere. Bisa ƙa'idar ASCII, wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, kowace alama tana da lambarta: sifili 48, ɗaya 49, har zuwa tara, mai 57. Abin da ke ajiye a baɗini ke nan 49, 50 da 53, shi ya sa wanda ya umarci harshen shirya manhaja na Python ya haɗa rubutun 125 da rubutun 5 ba tare da ya mai da su adadi ba, 1255 zai samu, ba 130 ba.

Wajibi ne mai shirya manhaja ya buɗe fayil ɗin, ya bi shi layi-layi, ya tsinka kowane layi a inda waƙafi ko sarari ya raba shi, sa'an nan ya miƙa kowane yanki ga umarnin da ke mai da rubutu adadi. Hikimar umarnin ba ta da wuya: a misalin 125, ya ɗebe 48 daga lambar kowace alama, ya ɗauki ɗaya ya riɓa da goma ya ƙara biyu, ya sake riɓawa da goma ya ƙara biyar.

Inda mas'alar take da sarƙaƙiya shi ne al'adun marubuta, domin ba su yi ittifaƙi a kan alama guda ba. Ma'aikacin da ke auna ruwan sama a Katsina, wanda ya gaji tsarin Ingilishi, zai rubuta sha biyu da rabi 12.5, alhali takwaransa na Maraɗi, mai bin tsarin Faransanci, 12,5 zai rubuta, ya kuma raba sahun alƙalumansa da waƙafi mai ruwa. In aka ba umarnin atof na harshen C wannan 12,5 a bisa saitinsa na asali, sai ya karanta 12, ya tsaya a waƙafi, ya watsar da rabin nan bai ce uffan ba. In kuwa kalma ya tarar a gurbin adadi, sifili yake mayarwa, sai a zaci ba a yi ruwa ba ran nan, alhali ba a auna ba ne. Python kam tsayawa yake cik, ya sanar cewa ya kasa. Masu koyo sukan ƙosa da wannan tsanani, amma a ra'ayina shi ya fi, gama kuskuren da ya yi shiru yakan shige cikin jimla ya zauna har a gina hukunci a kansa.

Akwai kuma alƙaluman da bai halatta a mai da su adadi ba sam. Lambar waya da ta fara da 080, muddin aka karanta ta a matsayin adadi, sifilin farkon ya tafi, don lissafi bai san amfaninsa ba. Irin wannan a rubutu ake barinta.