Idan tsohuwar tarakta ta ƙi tashi

Sau da yawa tarakta takan kwashe rani duka a ajiye. Sai ruwan shuka ya sauka a ga ta ƙi tashi, aikin gona ya tsaya. Galibi matsalar ƙarama ce, mai tarakta na iya gano ta da kansa. Injin gazuwal na bukatar abu uku kafin ya tashi: batir mai ƙarfi, gazuwal mai tsabta, da iska.

Kafin komai, ku ja birki, ku cire giya.

1. Batir. Ku murɗa makulli, ku saurara. In ba ku ji komai ba, ko kun ji "ƙas" kaɗai, ku kunna fitilu. In haskensu ya yi rauni, batir ya sauka. Ku duba kawunansa. In farin gari ya taru a kai, ku fara kwance wayar da ke da alamar (-), ku kankare, ku ɗaure tamau. Batir mai bolt 12 da ya cika yakan nuna 12,6 a ma'auni.

2. Gazuwal. In inji yana juyawa amma bai kama ba, ku tabbata akwai mai a tanki, famfon mai a buɗe yake, kuma an tura marikin kashe inji ciki. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, yakan kwanta a ƙasan kofin gilashi. Ku zubar da shi. In mai ya taɓa ƙarewa, iska ta shiga bututu. Ku sassauta ɗan kusoshin da ke bisa matatar mai, ku yi ta danna ƙaramin famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sannan ku ɗaure.

3. Iska. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska. Ku share ta. In mai ɗauke da baƙin mai ce, ku wanke kwanon, ku zuba sabo.

Kada ku riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15. Ku jira minti guda kafin ku sake.

Ku lura da hayaƙi. Rashin hayaƙi na nufin mai bai kai cikin inji ba. Farin hayaƙi na nufin ya kai amma bai ƙone ba; sanyi ne, ko kuma inji ya gaji. In ba sanyi ba ne, ku kira makanike. Kada ku buɗe babban famfon mai da kanku.

Hattara: kada ku zuba esansi a mashigar iska. Kada ku tada inji kuna tsaye a ƙasa gaban taya. In yana cikin giya, zai taka mutum.

Wanda ke tada taraktarsa sau ɗaya kowane wata da rani, damina ba ta samun sa bai shirya ba.