Kafin a sayo maganin ƙiba, a hau sikeli

A Udubo, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum, da biki ya matso sai ido ya koma kan jikin amarya. Gwaggo ta ce ta rame, sai a aika kemis a sayo sha-ka-fashe. To, 'yar'uwa, kafin ki haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, ki yi wannan lissafin.

Ana kiran sa BMI, ma'aunin da ke gwada nauyin mutum da tsawonsa. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi a ƙarni na 19. Ki ninka tsawonki na mita da kansa, sannan ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. Misali, mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 58: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, a raba 58 da shi a samu 22.7. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce mai jawo ciwo. Ke nan mai 22.7 lafiyarta ƙalau, ko me gwaggo ta gani.

A cikin ƙwayoyin da ake sha don a ciko akwai deksametason, maganin da likita ke bayarwa don kumburi da asma. Cikar da yake kawowa ruwa ne da kitse: fuska ta kumbura, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, sukari da hawan jini su biyo baya, ƙashi ya yi rauni. Idan kin daɗe kina sha, kada ki daina rana ɗaya, yin hakan haɗari ne. Likita ne zai riƙa rage miki a hankali.

Lissafin ma yana da iyaka, don bai san tsoka da kitse ba. Manomi mai ƙwanji zai iya kai 26 ba tare da matsala ba, maigida mai 24 da tumbi kuwa yana cikin haɗari. Ki ɗauko tef ɗin tela a auna ƙugu daidai cibiya: kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai juna biyu da yara kuma ba da waɗannan alƙaluman ake auna su ba.

Idan rama ta zo haka kawai, musamman da tari ko yawan fitsari da ƙishirwa, ki je asibitin da ke kusa ko na tarayya da ke Azare a gwada tarin fuka da sukari.