Hura da Kunu a Ƙasar Kabi

A ƙasar Sikotilan, masu yin barasar wiski suna alfahari da cewa mai ɗanɗano yana gane ruwan da aka yi ta da shi, da sha'irin, da sanyin garin. Mu a Birnin Kebbi da Argungu, inda Musulunci ya haramta giya, akwai irin wannan sanin, amma a cikin ƙwarya da ludayi yake, kuma mata ne malamansa.

Ƙasar tana da fuska biyu. A tudu mai yashi gero da maiwa da dawa suke yi. A fadamar gulbin Rima kuwa, wadda ruwa yake malalewa duk damina, shinkafa ce sarauniya, har da jar nan ta gida da kakanni suka noma tun zamanin Sarki Kanta na Kabi. Abin sha ma haka ya rabu.

Gero shi ne na hura, kamar yadda Kabawa suke kiran fura. A surfa shi, a wanke, a daka da citta da kanunfari da barkono, a dunƙula a dafa, a kirɓa a turmi har ya yi danƙo, sannan a cura a birgima cikin gari. Tsohuwa tana kurɓa sau ɗaya za ta ce, "Wannan sabon gero ne," ko kuma, "Wannan ya kwana biyu a rumbu." Nonon da ake dama hurar da shi ma ba ya ɓoye lokacinsa. Na damina, sa'ad da shanun Fulani suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa, kauri gare shi da maiƙo. Na rani yakan tsinke, har wasu su ƙara masa garin 'ya'yan kuka.

Kunun zaƙi ya fi buƙatar gwaninta. Ana jiƙa hatsin ya kwana, a niƙa, a raba ƙullun biyu. Kaso mai yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. In ya sha iska, sai a zuba ɗanyen da aka haɗa da tsiron shinkafa ko na dawa, a rufe. Kafin asuba tsiron ya narkar da kaurin, zaƙi ya fito daga jikin hatsin kansa. Sai a tace.

A nan yanayi yake shigowa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, kunun safe yana iya yin tsami kafin la'asar, don haka ake ajiye shi a randa, a inuwa, kuma ba a yin wanda ya fi ƙarfin yini. Irin wannan tsiron na dawa ne masu burukutu a yankin Zuru suke dafawa su bari ya kwana biyu ya tashi. Matar Kabi kuwa ta san daidai inda za ta tsaya. Da hunturu sai a koma ga koko mai zafi, da azumi kunun tsamiya, maijego kuma a dama mata na kanwa.

Yau lemon kwalba ya cika shaguna. Amma yarinyar da ta tsaya kusa da uwarta ta koyi lokacin zuba tsiro ta gaji ilimin gonar tudu da na fadama gaba ɗaya, kuma bai kamata a bar wannan gadon ya tsaya a kanta ba.