Gasket Ɗin Motar A-kori-kura Mai Shan Gas

Jama'a, yau karatunmu a kan mota ya ke. Kowa a ƙasar Ajingi ya san amfanin a-kori-kura. Ita ke kwashe mana gero da wake da gyaɗa daga Toranke da Balare da Gafasa. Ita ke kai mu kasuwar Wudil ran Juma'a. In haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, ita a ke nema a kai ta asibiti a Gaya. Saboda haka in motar gari ta kwanta, ba mai ita kaɗai ya shiga uku ba, har da mu duka.

Akwai wani ɗan abu a cikin inji, ba ya da kauri, ba ya da nauyi, amma in ya lalace sai mota ta tsaya. Makanikai suna ce masa gasket. Bari mu ga ko mene ne shi.

Yadda inji ya ke

Inji kashi biyu ne, da ganga da kai. Gangar tana ƙasa, a cikinta akwai ramuka, yawanci huɗu, inda fistan ke hawa da sauka. Kan inji yana bisa, ya rufe ramukan kamar yadda murfi ke rufe tukunya. Gasket shimfiɗa ce da a ke sa wa tsakanin su biyun, sa'an nan a ɗaure da manyan ƙusoshi.

Abu uku ke wucewa ta wannan mahaɗa. Akwai wuta a cikin ramukan. Akwai ruwa mai sanyaya inji. Akwai baƙin mai wanda ke hana ƙarafa cin juna. Kowanne da hanyarsa, aikin gasket kuwa shi ne ya hana su gamuwa. Kamar kunyar gona ce a fadama: in ta ɓalle, ruwan wani ya shiga fangalin wani.

Injin gas, watau dizal, ya sami sunansa daga wani Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda ya gama haɗa injinsa mai aiki sosai a 1897. Wannan inji ba ya da fulogi mai ba da tartsatsi. Fistan ne ke matse iska ƙwarai, har sau 15 zuwa 22, sai ta yi zafi fiye da digiri 500. Da an fesa mata gas sai ya kama da kansa. Injin fetur ba ya matsa iska haka, nasa wajen sau 10 ne. Kun ga ashe gasket ɗin motar gas ya fi shan wuya.

Abin da ke ƙona shi

Babban abokin gaban gasket shi ne zafi. Inji yana jin daɗin aiki in ruwansa yana wajen digiri 80 zuwa 95. In ya wuce haka da yawa, ƙarfe ya kan buɗe. Motoci da yawa na yanzu kan injinsu na alminiyam ne, irin farin ƙarfen da a ke tukwane da shi, gangar kuwa ta baƙin ƙarfe. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. In zafi ya yi yawa sai kan ya karkace, ya bar 'yar kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta nan wuta za ta bi ta cinye gasket.

Me ke kawo zafin? A wajenmu ga su nan. Lagireto ya kan toshe da ƙura da ƙaiƙayi, balle da kaka. Ruwan rijiya ya kan bar gasara-gasara a ciki, irin wadda mu ke gani a gindin butar shayi, ya kuma kawo tsatsa. Fambel ya kan saki ko ya tsinke. Tiyo ya kan tsufa ya riƙa ɗiga. Murfin lagireto ya kan mutu. Sa'an nan ga lodi fiye da kima a cikin rairayi, da bazara, lokacin da zafin rana ke kai digiri 40.

Alamun da za mu lura da su

Na ɗaya, ruwa yana ƙarewa a lagireto kullum, amma ba a ga ɗigo a ƙasa ba.

Na biyu, farin hayaƙi yana fita ta salansa ko da inji ya ɗumama. Amma fa mu lura: da sanyin safiya cikin hunturu kowace mota ta kan yi ɗan farin hayaƙi, jim kaɗan ya ɗauke. Wannan ba ciwo ba ne.

Na uku, in an zaro gejin baƙin mai sai a ga man ya koma kamar shayi da madara. Ruwa ke nan ya shiga mai.

Na huɗu, mai yana yawo a bisa ruwan lagireto.

Na biyar, tiyon lagireto ya kan yi tauri kamar taya jim kaɗan bayan an ta da inji.

Ga wani gwaji mai sauƙi. Da safe, tun inji yana da sanyi, a buɗe murfin lagireto, a cika shi da ruwa, a ta da mota. In kumfa tana ta tasowa ba ta yankewa, to, iskar wuta ce ke shiga ruwa. Ko gasket ne ya ƙone, ko kan inji ne ya tsage. Makaniki ne zai raba gardama.

In abin ya same mu a hanya

A ce mun ɗauko buhunan gero daga Ajingi za mu kasuwar Dawanau a Kano. Mun wuce Gaya, ba mu kai Wudil ba, sai allurar zafi ta tashi. Wannan allura tana gaban direba, tsakanin baƙaƙe biyu. C sanyi ke nan, H kuwa zafi. Duk wanda ya san baƙaƙe ya iya karanta ta, ko da fasinja ne. In ta doshi H, direba ya ratse gefe ya kashe mota. Kada fasinjoji su matsa masa da cewa kasuwa za ta watse. Gara a rasa kasuwar yini ɗaya da a rasa inji.

Kada kowa ya taɓa murfin lagireto a lokacin nan. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma na lagireto a matse ya ke, ya kan kai wajen 120 bai tafasa ba. Da an buɗe sai ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. A jira har sai an iya dafa tiyo da hannu, sa'an nan a sa tsumma a murɗa a hankali.

Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi. Tukunyar da ke kan wuta in aka watsa mata ruwan randa mun san abin da ke faruwa.

In an murɗa makulli inji ya ƙi juyawa, a bar shi, kada a tura. Mai yiwuwa ruwa ne ya cika ramin fistan. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai sandar fistan ta lanƙwashe. A nemi wata mota ta ja ta zuwa gareji.

A wurin makaniki

Mai mota ya kamata ya san aikin da za a yi masa, don kada a yi masa rabin aiki. Ga abin da makaniki na kirki zai yi.

Zai sauke kan inji, ya kankare shi tas, ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe ya gani ko ya karkace. Karkatar da ba ta wuce kaurin takardar littafin nan ba ta isa ta ɓata sabon gasket a wasu injuna. In ya karkace, sai a kai shi wurin masu injin fiƙe ƙarfe su daidaita, a kuma duba ko ya tsage.

Zai sa sabon gasket, ba tsohon ba. Na injin gas iri-iri ne wajen kauri, ana gane su da 'yan huji ko tsaga a gefensu. In za a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sayen sabo, a tafi da tsohon da kuma lambar inji a rubuce. A sayi mai kyau. Araha ba ta ado, kuma kuɗin aiki sau biyu ya fi kuɗin gasket mai kyau.

Zai ɗaure ƙusoshin daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. A injuna da yawa ƙusoshin nan suna miƙewa in an ɗaure su, saboda haka sababbi a ke sa wa.

Zai juye baƙin mai, ya sake filta, ya wanke lagireto. Abu mafi girma kuma, zai nemo abin da ya kawo zafin tun farko. In ba a gyara wannan ba, sabon gasket zai bi sawun tsohon.

Akwai wani magani na kwalba da a ke zubawa a lagireto wai ya liƙe kafa. Wani lokaci ya kan tsai da ƙaramin ɗigo na 'yan kwanaki, amma ya kan toshe lagireto kuma. Ba gyara ba ne.

Rigakafi ya fi magani

Kowace safiya, kafin a ta da mota, direba ko yaronsa ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya taɓa fambel, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. A riƙa share ƙaiƙayi daga fuskar lagireto. A yi amfani da ruwan lagireto na kanti, mai launi, domin yana hana tsatsa. Amma mu yi hattara da shi: guba ne, ga shi kuwa da zaƙi. A ɓoye shi nesa da yara, kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada a zubar da tsohonsa inda awaki da kaji za su sha.

Mu kuma masu kaya, mu daina roƙon direba ya ƙara buhu ɗaya bayan mota ta cika. Motar nan gobe ma muna bukatarta.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne gasket ke rabawa?
2. Me ya sa ba a buɗe lagireto in inji yana da zafi?
3. In allura ta doshi H, me direba zai yi?
4. Ku faɗi alamu uku na gasket da ya ƙone.