Injiniya na birni, na'ura na Faskari: wa ke riƙe da makullin?

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai daga masu tsegunta musu. Mutane da dama kan ɗauka sai an bi kowane ƙarfen sabis an kashe shi da hannu. A zahiri, na'urorin da ke gindin ƙarfen suna karɓar umarni daga cibiyar kamfani mai nisan ɗaruruwan kilomita.

A yankin da hanya ke da haɗari, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Injiniya yana zaune a ofis zai duba lafiyar na'ura, ya sake tayar da ita, ya sauya saitinta. Sai dai ƙofar da yake bi, ɓarawon intanet ma ita yake ƙwanƙwasawa.

Tsohuwar hanyar shiga, Telnet, tana aika suna da kalmar sirri tsirara, duk wanda ya laɓe a layin zai karanta. Shi ya sa aka koma SSH, wadda Tatu Ylönen ɗan ƙasar Finland ya ƙirƙira a 1995, mai rikita saƙon yadda mai laɓe ba zai gane komai ba. Duk da haka, sakaci na nan. A 2016, muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin rarraba intanet ta Telnet, saboda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba.

Ƙa'idojin kariya ba su da yawa. A rufe Telnet. Kowane ma'aikaci da sunansa da makullinsa, kada a yi tarayya a kan kalmar sirri ɗaya. A tantance masu shiga daga wuri guda ta tsarin RADIUS ko TACACS+, ta yadda ranar da mutum ya bar aiki za a soke izininsa a ko'ina. A ƙayyade kwamfutocin da aka yarda su shiga, a kuma adana rajistar wanda ya shiga da abin da ya taɓa.

Wannan bai tsaya ga manyan kamfanoni ba. Mai shagon kwamfuta, da makaranta, da asibitin da ya sa intanet a Ƙanƙara, duk su tambayi wanda ya haɗa musu na'ura: ka canza kalmar sirrin masana'anta? Kuma wa da wa ya san sabuwar?