Amobi Okoye: Ɗan Nijeriya Da Ya Shiga Sahun Ƙarti Yana Da Shekara 19

A ran 28 ga watan Afrilu na 2007, manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka guda 32 suka hallara a birnin New York domin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'in ƙasar. Da aka zo kan zaɓi na goma, sai ƙungiyar Houston Texans ta kira sunan Amobi Okoye, haifaffen Jihar Anambara a nan Nijeriya, wanda a lokacin shekararsa 19 kacal. Ba a taɓa ɗaukar mai ƙarancin shekaru kamarsa a zagayen farko na wannan zaɓe ba. Labarin yaron nan ya isa misali ga mai son ya san yadda ɗalibi ke tashi daga filin makaranta ya zama wanda ake biya miliyoyin dala, da kuma yadda wannan sana'a ke saurin juya wa mai ita baya.

Wasan Da Aikin 'Yan Sahun Gaba

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan ba irin tamaular da muka saba gani ake bugawa da ƙafa ba ce. Ƙwallon dogo ne mai siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci gaba da yadi goma. In sun kasa, sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawarsu.

To, waɗanda ke fara tare musu hanya su ne 'yan sahun gaba na tsaro, wato ƙarti uku ko huɗu da ke durƙusawa gaba da gaba da ƙartin ɗaya ɓangaren. Da an motsa ƙwallo sai a gwabza. Aikinsu biyu ne: su toshe kafar da mai gudu da ƙwallo zai bi, su kuma keta sahu su kā da mai jefa ƙwallo tun bai jefa ba. Wanda ya san kokawa zai gane sirrin abin, domin wanda ya fi yin ƙasa da ƙugunsa, ya kuma riga sa hannu a ƙirjin abokin karonsa, shi ke da rinjaye. Okoye yana cikin masu tsayawa a tsakiyar sahu, inda sau da yawa mutum biyu ke taruwa a kan mutum ɗaya. Nauyinsa lokacin da aka ɗauke shi ya kusa kilo 137.

Daga Anambara Zuwa Alabama

An haifi Okoye ran 10 ga watan Yuni na 1987. Ya shiga makaranta tun yana ɗan ƙanƙane, saboda haka da iyalinsa suka koma garin Huntsville na Jihar Alabama yana da shekara 12, sai jarrabawar da aka yi masa ta nuna ya wuce sa'o'insa, aka haɗa shi aji ɗaya da waɗanda suka girme shi da shekara biyu. A makarantar sakandare ta Lee ya fara wasan, alhali kuwa bai san kome game da shi ba. Kafin ya gama, jami'o'i sun fara zawarcinsa.

A Amurka jami'o'i su ne makarantar horon 'yan wannan wasa. A zamanin Okoye, kowace babbar jami'a tana da izinin ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa 85: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai. Albashi kuwa babu, ko da dubban 'yan kallo na cika filin kowace Asabar. Sai a 2021 aka sassauta doka, ɗalibai suka sami damar karɓar kuɗin talla da sunansu. Okoye ya sami gurbi a Jami'ar Harvard saboda ƙwazonsa na karatu, amma ya zaɓi Jami'ar Louisville ta Jihar Kentucky, wadda ta fi ƙarfi a fagen wasa.

A 2003 ya fara yi wa Louisville wasa yana da shekara 16, yana karo da samari masu shekara 22 da 23. Bai yi fice nan da nan ba. Sannu a hankali ƙashinsa ya yi ƙwari. Shekararsa ta ƙarshe, 2006, ita ce ta fito da shi: sau takwas ya kā da mai jefa ƙwallo, aka sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan rukunin jami'o'in da Louisville ke ciki, ƙungiyarsu kuma ta ci wasan Orange Bowl a watan Janairu na 2007. Daɗin daɗawa, ya kammala digirinsa na nazarin halayyar ɗan Adam cikin shekara uku da rabi.

Ƙofar Da Ba Ta Da Faɗi

Dokar ƙungiyar ƙwararru ta NFL ita ce, ba a ɗaukar ɗan wasa sai ya cika shekara uku da barin sakandare. Dokar ba ta ambaci shekarun haihuwa ba, wannan ne ya buɗe wa Okoye hanya da wuri. Amma kafin ranar zaɓe akwai siratsi biyu. Na farko shi ne wasan Senior Bowl a garin Mobile na Alabama, inda 'yan ajin ƙarshe ke shafe mako guda suna atisaye a gaban masu farautar 'yan wasa. A nan darajar Okoye ta ƙara ɗagawa. Na biyu shi ne babban gwajin birnin Indianapolis, inda ake gayyatar mutum wajen 300. Ana auna gudunsu na yadi 40, a ƙirga sau nawa za su ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102, likitoci su bincike gwiwa da kafaɗa, sa'an nan shugabannin ƙungiyoyi su yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓen kansa zagaye bakwai ne, ana ɗaukar mutum 250 da 'yan kai. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓe. Bisa lissafin hukumar wasannin jami'o'in Amurka, cikin kowane ɗari na waɗanda suka isa shiga zaɓen, ba a samun biyu da ake ɗauka. Rauni ɗaya ma ya isa ya rushe shirin shekara huɗu. Alal misali, Adewale Ogunleye, wani ɗan asalin Nijeriya mai tsayawa a gefen sahu, ya ji ciwo a gwiwa a shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar Indiana, aka gama zaɓen 2000 ba wanda ya kira sunansa. Sai daga baya Miami Dolphins ta ɗauke shi, a 2003 kuma ya kā da mai jefa ƙwallo sau 15.

Hawa Da Gangara

Okoye ya shiga da ƙafar dama. A watan Satumba na 2007 aka zaɓe shi gwarzon wata cikin sababbin 'yan tsaro, ya gama shekarar da kayarwa biyar da rabi, domin idan mutum biyu suka haɗu suka kā da mai jefa ƙwallo, rabi-rabi ake rubuta musu. To, amma shekaru ukun da suka biyo baya ba su kai ta farko albarka ba. Wanda aka zaɓa na goma kuwa ba a yi masa uzuri, ko da yaro ne. A 2011 Houston ta sauya tsarin tsaronta daga sahun mutum huɗu zuwa na mutum uku, tsarin da bai dace da irin wasansa ba, ta sallame shi yana da shekara 24. Ya koma Chicago Bears, ya yi mata wasa a 2011 da 2012.

A watan Maris na 2013, yana shirin neman sabuwar ƙungiya, sai ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga. Likitoci suka gano wata cuta ce da ba a cika gani ba, wadda garkuwar jiki ke juyawa ta auka wa ƙwaƙwalwa. Aka sa shi dogon barci na magani har mako 12, kuma kwana 145 suka ɓace masa, bai tuna kome a cikinsu. Da ya farfaɗo sai da ya sāke koyon tafiya da magana. Dallas Cowboys ta ɗauke shi a 2014, amma bai sāke buga wasan gasa a NFL ba. Ke nan wasansa na ƙarshe a NFL ya yi shi yana da shekara 25, shekarun da wasu ke fara cin moriyar sana'ar.

Abin Lura Ga Matasanmu

Wannan labari ya shafe mu, domin idon masu wasan ya karkato Afirka. A 2017 NFL ta buɗe wani shiri na ɗauko matasa daga ƙasashen waje, Osi Umenyiora kuma, wanda ya ci kofin Super Bowl sau biyu da New York Giants, ya tsaya wajen zaƙulo samari daga Nijeriya. A 2022 aka yi zangon gwaji na farko na NFL a Afirka, a ƙasar Gana.

Duk saurayin da ke ganin yana da ƙira da ƙarfin da za su kai shi can, ya kamata shi da iyayensa su yi lissafi da idon basira. Matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba. Okoye ya ninka wannan, amma duk da haka sauyin tsari ya raba shi da ƙungiyarsa ta farko, ciwo kuma ya raba shi da fili. Jarin ɗan sahun gaba jikinsa ne, jiki kuwa ba ya ba da sanarwa ranar da zai gaza. Abin da sallama ba ta ƙwace wa Okoye ba shi ne digirin da ya kammala tun kafin a kira sunansa a New York. Wanda aka yi wa tayin karatu kyauta saboda wasa, ya riƙi karatun da hannu biyu, domin shi ne rabon da ya tabbata. Sauran kuwa sai wanda Allah ya ciyar.