Ko Kun Sani? Tafiya da Ɗan Aku

Ɗan akun da ake ciyarwa da sirinji, kunun da ake dama masa sai ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 39 da 41 a ma'aunin Salshiyas. In ya huce, sai ya kwanta a jakar abincin da ke gindin wuyansa ya yi tsami. In ya yi zafi, ya ƙona ta. Shi ya sa masu kiwo ke riƙe filas na ruwan zafi su dama sabo a hanya. Aku mai launin toka kuma ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da takardun izini, dokar da aka ƙara tsanantawa tun bayan taron CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji ta duniya, na Johannesburg a 2016.